Daga Gyartai Zuwa Liƙin Roba: Nazari a Kan Gyaran Robar Babur a Gida

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban al'adun Hausawa sun saba da rubutu a kan sana'o'in gargajiya irin su ƙira da saƙa da jima da dukanci da rini da sassaƙa, kuma an tara kalmomin waɗannan sana'o'i masu yawa a cikin kundaye. Sai dai akwai ƙananan sana'o'i da zamani ya haifar, waɗanda ake wucewa ta gabansu kullum a bakin titi ba tare da an tsaya an dube su da idon nazari ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce liƙin roba, watau gyaran kayan roba da suka fashe, tun daga bokiti da baho har zuwa robar da ke lulluɓe da jikin babur.

Wannan maƙala za ta tsaya ne a kan robar babur. Za a yi bayanin yadda mai babur zai iya gyara ta a gida da kayan aiki marasa tsada, sa'an nan a dubi kalmomin da ake amfani da su wajen wannan aiki. Abin da ake son a nuna shi ne, yawancin gyaran da ke ɓallewa bayan kwana biyu yana ɓallewa ne saboda mai gyaran bai san irin robar da ke hannunsa ba, kuma harshen da yake magana da shi bai taimake shi wajen rarrabewa ba, domin kalma ɗaya ce, watau "roba", aka ɗora wa abubuwa da dama masu hali daban-daban.

2.0 Yadda Roba Ta Hau Jikin Babur

Baburan farko kusan ƙarfe ne tsantsa, in ban da taya da sirdi. A shekarar 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fitar da ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda aka yi masa garkuwar ƙafa da abin tare taɓo na gaba da roba. Wannan babur ya karɓu ƙwarai a duniya, har yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a shekarar 2017, kuma kamfanoni da yawa sun kwaikwayi fasalinsa. A Nijeriya kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a garin Ota na Jihar Ogun a shekarar 1979. Daga baya baburan ƙasar Sin irin su Jincheng da Lifan da Haojue, da na Indiya irin su Bajaj da TVS, suka cika kasuwannin ƙasar Hausa. Ko da yake gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a watan Janairu na 2013, babur bai daina zama abin hawan ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa ba, balle a ƙauyuka inda shi ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ne ke kai buhu kasuwa.

Ƙaramin babur mai fasalin Super Cub shi ne wanda mutanen Kano da kewaye ke kira "roba-roba", saboda yawan robar da ke jikinsa. Kowace roba a jikin babur tana da aikinta. Wadda ke kan ƙafar gaba da ta baya tana tare taɓo da tsakuwa. Garkuwar ƙafa tana kare tufafin mahayi daga ruwa da ƙura. Murfin gefe yana rufe batir da matatar iska da wayoyin wuta. Robar kai kuwa ita ke riƙe da fitila. Saboda haka idan ɗaya daga cikinsu ta fashe, abin ya wuce maganar ado: ruwa yana iya shiga wayoyi, fitila tana iya karkacewa ta daina haska hanya, ɓallin roba yana iya faɗawa cikin taya.

Abubuwan da ke fasa robar babur sanannu ne. Na farko faɗuwa da karo. Na biyu girgizar hanya mara kyau, wadda ke cin wuraren da aka ɗaure da noti, musamman idan ƙananan robobin nan masu laushi da ke tsakanin noti da murfi sun zube. Na uku ɗaure noti fiye da kima. Na huɗu rana, domin haskenta yana lalata roba sannu a hankali har ta koɗe, ta bushe, ta riƙa karyewa kamar busasshen kara. Na biyar man birki, wanda ke cin fenti, yana kuma raunana wasu robobin idan ya zuba a kansu.

3.0 Kalmar "Roba" da Abin da Ta Ƙunsa

Hausa ta aro kalmar "roba" daga Ingilishi, inda ma'anarta ita ce danƙon nan mai talewa da ake yin taya da shi. Da sauran kayayyakin zamani suka shigo, sai Bahaushe ya faɗaɗa ma'anar kalmar ta haɗa da bokiti da kujera da gorar ruwa da takalmi da kwanon cin abinci. Irin wannan faɗaɗa ma'ana ta faru ga kalmar "leda", wadda asalinta ke nufin fatar da aka jeme, amma yau take nufin jakar zuba kaya mai shara-shara. Ba abin mamaki ba ne a ce tsofaffin ƙamusoshi ba su rarrabe waɗannan abubuwa ba, tun da lokacin da Bargery ya wallafa ƙamusunsa a shekarar 1934 ba a ma fara sayar da robobin da ake yin jikin babur da su a yau ba.

Masana kimiyya sun kasa roba gida biyu manya. Akwai wadda idan ta sandare sau ɗaya ba ta sake narkewa, sai dai ta ƙone, kamar Bakelite da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a shekarar 1907, wadda aka daɗe ana yin mariƙin tukunya da makunnin lantarki da ita. Akwai kuma wadda ke narkewa duk lokacin da ta ji zafi, ta sake sandarewa idan ta huce. Robar babur tana cikin gida na biyu, kuma wannan hali nata shi ya sa take gyaruwa da wuta. A cikin wannan gida, iri uku ne suka shafi mai babur:

(a) ABS. Wannan ita ce roba mai tauri mai karɓar fenti, wadda aka fara sayarwa sosai a shekarun 1950. Da ita aka fi yin murfin gefe da robar kai da sauran sassa masu ƙyalli. Tana fara laushi a wajen digiri 105 na ma'aunin Salshiyas. Ruwan asiton yana narkar da ita.

(b) PP, watau folifirofilin. Masanin kimiyya ɗan Italiya Giulio Natta yana cikin waɗanda suka samar da ita a shekarar 1954, kuma ya sami kyautar Nobel tare da Karl Ziegler a 1963. Roba ce mai lanƙwasuwa, mai santsi a hannu kamar kyandir, kuma da ita aka fi yin baƙaƙen sassa marasa fenti. Tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165. Asiton ba ya cin ta, kuma yawancin gam ba ya kama ta.

(c) PE, watau foli'etilin, wadda aka gano a Ingila a shekarar 1933. Ita ce robar jarka da leda, kuma da ita Honda ya yi garkuwar Super Cub ta farko. Mai taurinta tana narkewa a wajen digiri 130. Ita ma gam ba ya kama ta.

Ƙa'idar da duk aikin ya rataya a kanta ita ce, roba ba ta haɗuwa sai da irinta. Idan aka narka PP a kan ABS za ta kwanta a kai kamar ta kama, amma da zarar ta huce ana iya ɓamɓare ta da farce. A nan ne mai babur ke faɗawa kuskure. Ya ga mai liƙin roba da ke yawo unguwa da gwangwanin gawayi ya liƙe bokiti da ɓallin wani tsohon bokiti, liƙin kuma ya daɗe, sai shi ma ya yanko ɓallin bokiti ya narka a kan murfin gefen babur ɗinsa. Bokiti kuwa galibi PP ne ko PE, murfin gefe kuma galibi ABS ne. A bakinsa duka biyun roba ne, amma a gaban wuta ba dangi ba ne.

4.0 Yadda Ake Gane Irin Roba

Akwai hanyoyi uku masu sauƙi, kuma ya fi kyau a haɗa aƙalla biyu kafin a yanke hukunci.

Hanya ta farko ita ce duba tambari. Masana'antu da yawa suna buga sunan robar a bayan sashen, tsakanin alamomi biyu masu kama da kan kibiya, kamar haka: >ABS< ko >PP<. A kayan gida kuwa akan ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku, inda 5 ke nufin PP, 2 kuma ke nufin PE mai tauri. Sai an wanke bayan robar sosai kafin a ga tambarin, domin ƙura da baƙin mai sukan rufe shi.

Hanya ta biyu ita ce gwajin ruwa. A fere ɗan ƙaramin yanki daga wurin da ba ya bayyana, wanda babu fenti a kansa, a nutsa shi cikin kofin ruwa da yatsa, a saki. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, nauyin PP wajen 0.9 ne, na ABS kuwa wajen 1.05. Don haka PP da PE suna tasowa sama, ABS tana nutsewa. Sai dai akwai PP da ake cakuɗawa da garin dutse don ƙara mata tauri, wadda ita ma takan nutse, shi ya sa wannan gwaji ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Hanya ta uku ita ce gwajin asiton. Asiton ruwa ne mai saurin bushewa da ake samu a shagunan kayan fenti da na sinadarai, kuma yana cikin wasu ruwan goge jan farce. A ɗiga kaɗan a bayan robar, a jira kamar rabin minti, a taɓa da tsinke. Idan wurin ya yi danƙo, ABS ce. Idan asiton ya bushe bai bar wata alama ba, PP ce ko PE.

Wasu sukan ƙona ɗan yanki su shaƙi hayaƙin, domin ABS tana yin baƙin hayaƙi mai tokar baƙi, PP da PE kuwa suna ɗiga suna wari irin na kyandir. Gwajin yana aiki, amma shaƙar hayaƙin roba yana cutar da huhu, kuma hanyoyi ukun da suka gabata sun isa.

5.0 Hanyoyin Gyara

5.1 Shiri

Kowace hanya za a bi, shirin ɗaya ne. A kwance sashen daga jikin babur a kai shi nesa da tanki, domin fetur da wuta ba sa zama wuri ɗaya. A wanke shi da ruwa da garin sabulu, a bar shi ya bushe sarai. A goge fenti da datti da samfefa kamar faɗin yatsa biyu a kowane gefe na tsagar, ta bayan robar. Daga nan a nemi daidai inda tsagar ta ƙare, a huda ƙaramar kafa ta wajen milimita 3 a wurin. Dalilin wannan huji shi ne, duk ƙarfin da ke yaga robar yana taruwa ne a tsinin tsaga, kamar yadda yadi ke ci gaba da yagewa daga inda aka tsaga shi da almakashi. Kafa mai da'ira tana rarraba wannan ƙarfi, sai tsagar ta tsaya. A ƙarshe a haɗa bakin tsagar daidai, a manne ta fuska da salatif don kada ta goce.

5.2 Ɗinki

Wannan ita ce hanya mafi tsufa, kuma gadon gyartai ce. Gyartai shi ne mai gyaran ƙwarya da ƙoƙo da masaki, wanda ke huda ƙananan kafofi a gefe biyu na tsaga ya ɗinke da zare mai ƙarfi. Haka mai babur zai yi: ya zafafa ƙusa ko tsinken ƙarfe, ya huda kafofi biyu-biyu suna fuskantar juna, nesa da bakin tsagar kamar santimita ɗaya, sa'an nan ya ɗaure da siririyar waya ko da igiyar roba mai haƙora, ya mai da ƙullin ta baya. Amfanin ɗinki shi ne bai damu da irin robar ba, kuma yana jure girgiza. Illarsa kuwa yana bayyana a ido, ba ya hana ruwa shiga, kuma idan kafofin sun yi kusa da bakin tsaga sukan yage. Ya fi dacewa da abin tare taɓo da sauran baƙaƙen sassa.

5.3 Walda

Walda ita ce narka bakin tsagar tare da ƙarin roba irinta har su zama abu ɗaya. Kayan aikin su ne ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, ko tsohuwar wuƙa mai faɗi da ake zafafawa a gawayi, sai siraran tsinkayen roba da aka yanko daga wani fasasshen sashe mai tambari iri ɗaya. Wurin makanikai ba ya rasa irin waɗannan tarkace.

Da farko a ɗiɗɗiga ƙarfen a wurare kaɗan a kan tsagar, ta baya, don ta tsaya cik. Sa'an nan a ja tsinin ƙarfen a bi tsagar a yi kwarmi mai siffar harafin V, wanda zurfinsa ya kai kamar rabin kaurin robar ko fiye da haka kaɗan. Daga nan a ɗora tsinken roba a cikin kwarmin, a riƙa narka shi tare da gefen kwarmin a lokaci ɗaya, ana dannawa ana cakuɗawa kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne wurin da ake yawan kuskure, domin idan tsinken kaɗai ya narke, gefen bai narke ba, an yi shafe ne, ba a yi walda ba. Haka kuma ƙarfen dalma yana iya wuce digiri 300 nesa, saboda haka idan robar ta fara hayaƙi ko ta canja launi, zafin ya yi yawa, kuma robar da ta ƙone ba ta da ƙarfi. A cire ƙarfen daga wuta ya ɗan huce.

Inda ake bukatar ƙarin ƙarfi, a yanko ragar ƙarfe mai ƙananan idanu irin ta taga, a ɗora ta a kan tsagar, a danna da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar, a rufe ta da wata robar. Gajerun wayoyi da aka lanƙwasa kamar tafiyar maciji su ma suna yin wannan aiki idan aka nutsa su a gicciye. Bayan an gama a bar aikin ya huce da kansa. Zuba masa ruwan sanyi yana sa robar ta kanannaɗe.

5.4 Narki

Wannan hanya ta ABS ce kaɗai. A yayyanka ɓallin ABS mara fenti ƙanana-ƙanana, a zuba a kwalbar gilas mai murfi, a zuba asiton ya rufe su, a bar su su kwana. Kashegari za a tarar sun zama kamar koko mai kauri. A shafa asiton tsantsa a bakin tsagar don ya yi laushi, a matse, sa'an nan a shafa wannan koko ta baya. A shafa shi siriri, a bari ya bushe, a sake shafawa, sau uku ko huɗu, domin idan aka lafta shi da kauri sama za ta bushe ciki yana nan ɗanye. A bar shi aƙalla kwana ɗaya kafin a mayar jikin babur. Idan asiton ya gama fita, abin da ya rage ABS ce tsantsa, don haka gyaran ya zama jiki ɗaya da sashen.

5.5 Gam

Gam mai saurin kamawa da ake kira sufa gulu, wanda aka fara sayarwa a Amurka a shekarar 1958, shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. Akan haɗa shi da yashi mai laushi ko garin bekin soda don cike giɓi, ya sandare nan take kamar dutse. Yana kama ABS, amma sandarewar tasa ita ce rauninsa, domin ba ya lanƙwasuwa, girgizar hanya kuwa tana fasa shi. A kan PP da PE ba ya kamawa ko kaɗan sai da wani ruwan share fage na musamman. Bugu da ƙari, wurin da aka taɓa zuba masa sufa gulu ba ya karɓar walda sai an kankare shi tas, kuma idan ƙarfe mai zafi ya taɓa shi yana fitar da hayaƙi mai yaji a ido. Ya dace a ɗauke shi a matsayin taimakon gaggawa a kan hanya.

5.6 Kunnen da Ya Ɓalle

Sau da yawa abin da ke karyewa shi ne ɗan kunnen da noti ke shiga. Idan ɓallin yana nan, a yi masa walda tare da raga. Idan ya ɓata, a yanko wani daga roba irinta, a sassaƙa shi daidai da na ɗaya gefen, a haɗa, sa'an nan a huda kafar noti bayan ya huce. Wajen mayarwa a tabbata an sa robar nan mai laushi a ƙarƙashin noti, kuma kada a ɗaure fiye da yadda zai hana motsi.

5.7 Gogewa da Fenti

Idan an gama ta baya, a cire salatif, a cike ɗan layin da ya rage ta fuska, a goge da samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi ana jiƙa ta da ruwa. ABS tana karɓar fenti idan an shafa shi siriri-siriri. PP kuwa fenti yana ɓarewa daga jikinta in ba a fara sa mata ruwan share fage na roba ba, saboda haka barin ta baƙa ya fi.

6.0 Haɗari da Iyakar Gyara

A yi duk aikin wuta a tsakar gida ko a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal, tururinsa kuma yana kama wuta daga nesa, don haka ba a buɗe kwalbarsa kusa da gawayi ko risho ko sigari. Narkakkiyar roba tana manne wa fata ta ci gaba da ƙuna. Sufa gulu idan ya zuba a kan auduga ko rigar auduga yana yin zafi har ya ƙona jiki.

Akwai kuma abubuwan da ba a gyarawa. Hular kwano da ta fashe ko ta sha bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, domin soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu, kuma liƙin da aka yi wa bayanta ba zai mayar da shi ba. Duk abin da ke riƙe fetur ko man birki shi ma sauyawa ake yi. Robar da rana ta cinye har tana zubar da gari idan aka kankare ta da farce ba ta riƙe walda, za ta sake tsagewa a gefen gyaran. Abin tare taɓo na gaba da ya karye a wurin noti yana bukatar a duba shi da kyau bayan gyara, a girgiza shi da hannu, domin idan ya ɓalle ana cikin gudu yana iya cusa kansa tsakanin taya da ƙarfe. A irin waɗannan wurare tsimin kuɗi yana iya zama neman gira a rasa ido.

7.0 Kalmomin Sana'ar

Idan aka dubi kalmomin da aka yi amfani da su a sama, za a ga sun kasu kashi biyu. Sunayen kayan aiki galibi aro ne daga Ingilishi: roba, walda, gam, sufa gulu, samfefa, salatif, noti, waya, fenti, batir. An yi musu gyaran da Hausa ta saba yi wa baƙin kalmomi, watau sauya baƙin da babu shi a harshen, kamar yadda "p" ke komawa "f" a samfefa da fenti da sufa gulu, da kuma saƙa wasali tsakanin baƙaƙe ko a ƙarshen kalma, kamar a gulu da noti.

Kalmomin aikatau kuwa kusan dukkansu na gida ne, kuma suna da zurfin rarrabewa. Roba tana tsagewa idan layi ya bi jikinta bai raba ta ba, tana darewa idan ta rabu biyu, tana fashewa idan bugu ya buɗe ta, tana karyewa a wurin da take siririya, tana ɓallewa idan wani yanki ya rabu da uwar, tana ragargajewa idan ta wuce gyara. Kowace kalma tana nuna wa mai gyara hanyar da zai bi. Haka nan kalmomin gyaran, watau huda da ɗinka da liƙa da narka da fere da sassaƙa, an gaje su ne daga gyartai da maƙeri da masassaƙi. Tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a shekarar 1960 yana bayyana sarai a nan: liƙa aji na ɗaya ne, liƙe aji na huɗu, liƙu aji na bakwai. Da wannan aji na bakwai ne mai sana'a ke yanke hukunci, inda zai ce wannan roba "ba ta liƙuwa" ko "tana gyaruwa". Ita kuma "roba-roba" misali ce ta cikakken ninki mai nuna kama ko yawan wani hali, kamar ruwa-ruwa da gishiri-gishiri.

Giɓin yana wajen sunayen robar kanta. Harshen da ya ware tsagewa daga darewa bai riga ya ware ABS daga PP da suna tsayayye ba. Ana iya ba da shawarar a kira ABS "roba mai nitso", a kira PP da PE "roba mai tasowa", tun da sunan zai riƙa tuna wa mutum gwajin ruwa. Amma kafin a ƙirƙiri sabon suna ya kamata a fara zuwa wurin masu liƙin roba da makanikan babur a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, a ji yadda su suke rarrabewa a tsakaninsu, domin sunan da ya fito daga bakin mai sana'a ya fi saurin karɓuwa a kan wanda aka ƙera a aji.

8.0 Kammalawa

An ga cewa robar babur tana gyaruwa a gida ta hanyar ɗinki ko walda ko narki ko gam, kuma zaɓen hanyar ya dogara ne a kan sanin irin robar: ɗinki ga kowace iri, walda ga kowace iri muddin an sami 'yar'uwarta, narki ga ABS kaɗai, gam kuwa don lallaɓawa zuwa gida. An kuma ga cewa dabarar huji da ɗinki ta gyartai ba ta mutu tare da raguwar amfani da ƙwarya ba, ta koma kan roba ne. Hausawa na cewa, "Ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta," abin da ke nuna yadda aka ɗauki sana'ar da ƙasƙanci. Wataƙila wannan raini ne ya sa magadanta na yau ba su sami shiga kundayen nazari ba. Aikin da ya rage ga ɗaliban Hausa shi ne tattara kalmomin masu liƙin roba da masu faci da makanikan babur tun daga bakinsu, kamar yadda aka yi wa maƙera da majema, don masu ƙamus na gaba su sami abin da za su ɗora a ƙarƙashin kalmar "roba" fiye da ma'ana ɗaya.